Firam ɗin Hoto da Hannunka: Wane Aiki Za Ka Riƙe, Wanne Za Ka Bar wa Wasu?

Da yawa daga cikin masu ɗaukar hoto da suka shiga yin firam da hannunsu, ba son aikin katako ne ya kai su ba tun farko. Abin da ya tura su shi ne rashin dacewar girman hoto da firam ɗin da ake sayarwa a haɗe. Kyamarori da dama suna fitar da hoto a kan awon 3 da 2, wanda suka gada daga fim mai milimita 35, inda kowane hoto yake da milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi, alhali ɗaya daga cikin firam ɗin da suka fi yawa a kasuwa, mai inci 8 da 10, a kan awon 5 da 4 aka yi shi. Idan mutum ya wanke hotonsa a inci 8 da 12 domin kada ya rasa komai, sannan ya dage sai ya shiga firam mai inci 8 da 10, dole ne ya datse inci 2, wato kashi ɗaya cikin shida na abin da ya tsaya ya tsara lokacin da yake ɗauka. Duk wanda ya taɓa yanke hannun wani ko gefen gini saboda firam ya san zafin wannan, kuma daga nan ne tunanin yin firam da kai yake tasowa.

Sai dai abin da ake kira yin firam ya ƙunshi ayyuka da dama waɗanda kayan aikinsu ba ɗaya ba ne, haƙurin da suke bukata ma ba ɗaya ba ne. Akwai sandar firam, wato katako ko ƙarfen da ya kewaye hoton, wadda aka fafe mata gurbi ta baya inda komai zai zauna. Akwai gilashi a gaba, sai kwali mai kauri da aka yanke wa taga a tsakiya domin hoton ya leƙo ta ciki, wanda zan riƙa kira kwalin taga, sai kwalin da hoton yake kwance a kai, sannan murfin baya. Mutum yana iya yin dukkan waɗannan da kansa, yana iya yin rabi, yana kuma iya riƙe guda ɗaya kacal ya sayi sauran. Tambayar da ta kamata mai sha'awa ya yi wa kansa kafin ya sayi ko da zarto ita ce wane ɓangare ne zai ba shi daɗin aiki kuma ya kare masa hotonsa, wanne ne kuma zai cinye masa lokaci da katako ba tare da ya fi abin da mai na'ura zai yi masa cikin minti biyar ba.

Hanya mafi sauƙi, wadda aka fi rainawa ba bisa haƙƙi ba, ita ce a sayi firam haɗaɗɗe wanda ya fi hoton girma, sannan a yanka kwalin taga da hannu daidai da hoton. Firam mai santimita 30 da 40 zai ɗauki hoto mai santimita 20 da 30, wanda yake a kan awon 3 da 2 cif, ya bar ratar santimita 5 ta kowane gefe, kuma da wannan kaɗai matsalar datse hoto ta kau. Abin da ake bukata shi ne mayankin kwali mai riƙe reza a karkace a kan digiri 45, wanda yake tafiya a jikin doguwar rula ta ƙarfe, irin wanda kamfanin Logan na Amurka ya shahara da yi. Ana yanka ta bayan kwalin, a shimfiɗa wani guntun kwali a ƙasa domin bakin rezar ya sami inda zai nutse, kuma ana sauya reza tun kafin ta nuna alamar dakushewa, domin reza mara kaifi tana yage fuskar kwali maimakon ta yanka. Wahalar aikin duka tana kusurwa: tunda rezar a karkace take shiga, sai an ɗan zarce layin da aka ja a baya kafin yankan ya haɗu ta gaba, idan kuma aka zarce da yawa sai a ga wata siririyar tsaga ta fita daga kusurwar tagar, wadda ido yake kamawa nan take a kan farin kwali. Kwali biyu ko uku na gwaji sun isa hannu ya gane iyakarsa. Masu wannan aiki da yawa suna ƙara wa ratar ƙasa 'yan milimitoci fiye da ta sama, saboda hoton da aka sa a tsakiya daidai yakan bayyana wa ido kamar ya ɗan zame ƙasa.

Raunin wannan hanya yana jikin firam ɗin da aka saya. Masu araha galibi an yi su ne da matsattsen garin katako da aka lulluɓe da takarda mai zanen itace, ko kuma da roba mai kumfa, gurbinsu ba shi da zurfi, kuma 'yan harsunan ƙarfen da ke riƙe murfin baya sukan karye bayan an lanƙwasa su sau uku ko huɗu. Zurfin gurbi abin dubawa ne sosai kafin a saya: gilashi mai milimita 2, kwalin taga mai kusan 1.5, kwalin da hoto ke kwance a kai mai irin wannan kauri, da murfin baya mai 3 zuwa 5, sun riga sun kai milimita 8 zuwa 10, kuma firam da yawa na kanti ba su da wannan wuri.

Mataki na gaba shi ne a sayi sandunan firam waɗanda mai sana'a ya riga ya yanke wa kusurwa bisa awon da aka ba shi, a zo gida a haɗa. A nan hanya ta rabu biyu, alminiyom da katako, kuma bambancinsu ya fi yadda ake zato. Firam ɗin alminiyom sanduna huɗu ne da ƙarafa masu lanƙwasa da ake zura musu a kusurwa a ɗaure da sukuru, sai wasu ƙarafa masu tsalle da ake cusawa ta baya su danne komai a jikin gilashi. Da sukurudireba ɗaya ake gama shi cikin kwata na awa, ana iya kwance shi a sauya hoto sau nawa aka ga dama, laima ba ta motsa shi, ba ya kuma fitar da wani tururi da zai taɓa takarda. Irin wannan siririn firam ya samo karɓuwa ne daga gidajen adana kayan fasaha, tun bayan da Robert Kulicke, wani mai ƙera firam ɗan Amurka, ya tsara firam ɗin alminiyom don gidan MoMA na birnin Niyu Yok a shekarun 1950, kuma har yanzu masu baje kolin hoto baƙi da fari suna son sa saboda ba ya jan ido daga hoton. Ga wanda yake sauya hotunan bangonsa a kai a kai, ban san abin da ya fi shi ba. Amma idan ya lotse ko fentinsa ya ƙwarzane babu gyara, kuma wanda ya shigo don jin daɗin aikin hannu ba zai sami abin da yake nema ba, domin ɗaure sukuru takwas ba ya ƙosar da mai wannan ƙishirwa.

Sandunan katako da aka yanke wa kusurwa kuwa suna bar wa mutum aikin shafa gam, matsewa, ƙarfafa kusurwa da kuma shafa mai ko fenti idan katakon tsirara ya zo. Wannan hanya tana ɗauke masa mafi wuyar aikin, kuma don a gane dalilin da ya sa nake kiran yankan kusurwa mafi wuya, sai an ɗan tsaya a kan lissafi.

Firam mai kusurwa huɗu yana da yanka takwas, kowanne a kan digiri 45, kuma kuskuren da ke cikin zarto ba ya ɓacewa, taruwa yake yi. Idan zarton ya kauce da rubu'in digiri kacal, abin da ido ba zai gani a jikin yanka ɗaya ba, to a yanka takwas ya zama digiri 2. Kusurwa uku za su rufe lafiya, ta huɗun ce za ta ɗauki bashin duka, kuma a sanda mai faɗin milimita 25, wadda fuskar yankanta take kai milimita 35, wannan rata ta haura milimita 1. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma irin wannan baki da kusurwa ta buɗe ana hango shi daga ƙofar ɗaki. Ƙari a kan haka, sanduna biyu masu fuskantar juna dole ne tsawonsu ya zo ɗaya ba ragi ba ƙari, domin ko kusurwoyin sun yi daidai, bambancin rabin milimita a tsawo zai hana su haɗuwa. Shi ya sa ba a auna kowace sanda da rula ita kaɗai. Ana ɗaure ɗan guntun katako a matsayin tokare, a kai kowace sanda ta dangana da shi sannan a yanka.

Firam ɗina na farko da akwatin yankan kusurwa na katako na yi shi, irin mai tsaga da zarto yake bi. Na haɗa kusurwa uku ina murna, da na zo ta huɗu sai na ga farcena yana shiga tsakanin sandunan. Na ƙara gam, na ja igiyar matsi har katakon ya yi ƙara, ratar ta rufe, na rataye shi. Bayan wasu watanni kusurwar ta sake buɗewa, wannan karon da busasshen gam a bakinta. Da na koma na duba akwatin sai na tarar haƙoran zarton sun ci gefen tsagar, ta faɗaɗa, zarton yana rawa a ciki. Tun daga ranar nake haɗa sanduna huɗun a bushe, ba gam, in ɗaga su saitin haske in duba kowace kusurwa, kuma ba na taɓa kwalbar gam sai na ga babu inda haske yake ratsawa.

Wanda ya yanke shawarar yankan sandunan da kansa yana da kayan aiki iri uku a gabansa. Na farko zarton hannu ne mai firam na ƙarfe wanda yake tafiya a kan sanduna biyu a tsaye, yana kuma da maƙalli a digiri 45, kamar na kamfanin Nobex na Suwidin. Ba ya ƙara, garin katakon da yake zubarwa kaɗan ne, ana iya aiki da shi a kan tebur a cikin ɗaki, kuma hatsarinsa ga yatsu bai kai na inji ba. Yankansa yana da kyau amma ba ya fita sumul, saboda haka yana bukatar abokin aiki, wato allon gyaran kusurwa: faffaɗan allo ne da aka kafa wa tokare a digiri 45, a kwantar da makankarin katako ta gefensa, a riƙa tura shi yana aske bakin sandar siriri-siriri kamar fatar albasa har fuskar ta yi sheƙi. Da wannan allo ana iya gyara kuskuren da bai kai kaurin takarda ba, ta hanyar saƙa guntun takarda tsakanin sanda da tokare a karkatar da ita kaɗan. Aiki ne mai tafiyar hawainiya, firam ɗaya yana iya cin yammaci guda, amma a nan ne hannu yake koyon abin da kusurwa take so.

Na biyu zarton lantarki ne mai sauka daga sama. Yana da sauri ƙwarai, kuma wanda ya riga ya mallake shi don wasu ayyukan gida zai so ya gwada. Gaskiyar magana ita ce an ƙera mafi yawansu ne don aikin gini, inda kuskuren rabin digiri ba ya damun kowa, kuma faifan zarton da suke zuwa da shi yana da manyan haƙora da ke tsattsage fuskar sanda, musamman wadda aka riga aka yi wa fenti ko ruwan zinariya. Kafin ya dace da firam sai an sa masa faifai mai haƙora 80 ko fiye, an daidaita shi da sikwaya, wato ma'aunin kusurwa, mai inganci ba da lambobin da aka rubuta a jikinsa ba, an ɗora sandar a kan wani katako na sadaukarwa domin kada bakin yanka ya ɓare, an kuma matse ta da ƙarfe maimakon a riƙe da hannu, domin faifan yana jan sanda zuwa gare shi yayin da yake ci. Ga ƙara, ga ƙura, ga bukatar tabarau da abin toshe kunne. Na uku kuwa ita ce na'urar masu sana'a, mai manyan wuƙaƙe biyu da suka haɗu a digiri 90, wadda ake takawa da ƙafa ta sare katako ba tare da gari ko ƙara ba, kuma sunan Morsø na ƙasar Danmak shi ne ya fi fice a nan. Babu abin da ya kai ta tsabtar yanka a katako mai taushi da matsakaici, amma tana da nauyi ƙwarai, tana cin wuri, wuƙaƙenta sai ƙwararre yake wasa su, kuma ga mai yin firam goma a shekara kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Wajen sayen sanda, wadda galibi takan zo da tsawon kusan mita 3, kuskuren da aka fi yi shi ne a lissafa kewayen gilashi kawai. Kowace kusurwa tana cin ƙarin katako ta ɓangarori biyu, saboda haka sai a ɗauki kewayen gilashin a ƙara faɗin sandar sau takwas. Gilashi mai santimita 30 da 40 yana da kewayen santimita 140, sanda mai faɗin santimita 2.5 tana ƙara 20, ya zama 160, kuma hankali ya ce a ƙara wani abu don abin da zarto zai ci da kuma kuskure. Ana kuma yin gurbin ya fi gilashi da kusan milimita 3 a tsawo da faɗi, domin kwali da katako suna motsi da yanayi, kuma abin da aka cusa a matse yakan kumbura ya lanƙwashe.

Wannan motsi na katako shi ne dalilin da ya sa gam kaɗai ba ya isar kusurwa. Katako yana kumbura yana kuma tsukewa ta faɗinsa, amma ta tsawonsa kusan ba ya motsi, don haka idan ya bushe kusurwa takan buɗe ta ciki, idan ya sha laima ta buɗe ta waje, kuma gwargwadon faɗin sanda gwargwadon tsananin abin. Bugu da ƙari, fuskar yankan kusurwa rabinta bakin jijiyoyin katako ne, waɗanda suke zuƙe gam kamar soso su bar mahaɗar a bushe. Maganin wannan shi ne a fara shafa farin gam siriri, a bar shi 'yan mintoci ya toshe ƙofofin, sannan a sake shafawa a haɗa. Bayan gam, hanyoyin ƙarfafawa uku ne. Ƙananan ƙusoshi ta gefe su ne mafi sauƙi, amma sai an fara huda musu rami kada katako ya tsage, kuma suna barin tabo da sai an cike. Ƙusoshi masu siffar harafin V da ake cusawa ta baya su ne abin da masu sana'a suke amfani da shi, ba a ganinsu ta gaba ko ta gefe, kuma akwai ƙananan na'urorin hannu na cusa su da suke aiki da kyau a katako mai taushi, ko da yake sukan sha wuya a mai tauri. Hanya ta uku ita ce a tsaga kusurwar a gicciye bayan gam ya bushe, a cusa siririn fallen katako da gam, a aske abin da ya fito. Wannan ta fi sauran ƙarfi saboda gam yana kama gefen jijiya ne ba bakinta ba, kuma idan fallen ya bambanta da firam a launi sai ya zama ado. Tana yiwuwa ne kawai a katakon da mutum zai goge ya shafa wa mai da kansa, ba a sandar da ta zo da fentinta ba.

Akwai kuma masu zuwa har ƙarshe, su sayi katako ɗanye su fere sandar da kansu, su fafe gurbin da inji. Wannan ya riga ya zama kafintanci sosai, yana bukatar ɗakin aiki da injuna masu hatsari, kuma ba zan ba kowa shawarar ya shiga don firam kaɗai ba. Ribarsa ɗaya ce babba: mutum yana zaɓar zurfin gurbi da siffar sanda yadda yake so. A ɓangaren irin katako, fayin da obeche suna da taushi da sauƙin yanka kuma suna karɓar fenti, amma suna lotsewa da wuri, yayin da oak yake da ƙarfi da kyan zane, sai dai yana fitar da tururi mai asid, abin da ya sa masu adana kayan tarihi suke liƙa tef mai rufin alminiyom a cikin gurbinsa kafin su sa takarda.

Duk wannan magana ta katako ce, amma abin da yake yanke hukuncin ko hoto zai kai shekara talatin da kyansa yana cikin firam ne, kuma a nan ne nake ganin bai kamata a yi rowa ba ko wace hanya aka bi. Kwalin taga mai araha an yi shi da niƙaƙƙen itace wanda ba a cire masa lignin, wani sinadari da ke cikin itace, ba, da tafiyar shekaru yana zama asid, karkataccen bakin tagar da yake fari fat ya koma ruwan ƙasa, sannan ya bar zanen ƙuna a kewayen hoton. Wanda aka tace ya fi shi nesa ba kusa ba, na auduga zalla kuma shi ne na gidajen tarihi. Ga mai hoto akwai alama ɗaya da ta fi kalmomin talla amfani, wato gwajin PAT da ke ƙarƙashin ƙa'idar ISO 18916, wanda cibiyar Image Permanence Institute ta Rochester a Amurka ta samar domin a gane ko kwali, takarda ko gam zai cutar da hoto. Yawancin kwali masu kyau ana zuba musu sinadarin alli don ya kashe asid, kuma hakan ya dace da mafi yawan hotuna, amma hoton sayanotayif, wani tsohon salon wanke hoto mai launin shuɗi, yana koɗewa idan ya zauna da shi, don haka nasa kwalin mara alli ne.

Kwalin taga yana da wani aiki da ya fi ado muhimmanci, shi ne raba hoto da gilashi. Na taɓa buɗe wani tsohon firam da aka danna hoto a jikin gilashi kai tsaye. Ta gaba ana ganin wasu tabo masu sheƙi kamar ruwa ya kwanta, da na ɗaga gefen takardar a hankali sai na ji tana turjewa, kuma ɗan abin da na ɗaga ya bar fatar hoton manne a gilashin, takardar ta fito fara. Fuskar hoton da aka wanke da sinadari tana da wata irin danƙo da take laushi idan ta sha laima, ta kama gilashi ta ƙi saki. Wanda ba ya son kwalin taga, yana son hoton ya cika firam, dole ne ya sa siraran sanduna na roba ko kwali a ɓoye a cikin gurbi domin a sami rata. Hoton da aka buga da firinta mai fesa tawada kuwa a bar shi aƙalla kwana ɗaya, da farar takarda a kansa, kafin a rufe shi, in ba haka ba tururin tawadar yakan bar hazo a cikin gilashi.

Wajen maƙala hoton, salatif da gam na fesawa su ne suka fi lalata hotuna, domin suna yin rawaya su ratsa takarda kuma ba sa fita. Zaɓi na gaskiya yana tsakanin hanyar da ake iya warwarewa da wadda ba a iyawa. 'Yan aljihunan da ake zura kusurwoyin hoto a ciki, ko ƙananan maɗaurai biyu na takardar Japan da kullun sitacin alkama a gefen sama kawai, suna barin takarda ta numfasa kuma ana iya cire ta kamar ba a taɓa sa ta ba, amma babban hoto yakan ɗan yi tudu da kwari idan yanayi ya sauya. Manne hoton gaba ɗaya a kwali da na'urar zafi yana sa shi ya kwanta sumul, kuma Ansel Adams, shahararren mai ɗaukar hoto na Amurka, haka ya riƙa yi wa hotunansa, sai dai abin da aka manne ya mannu ke nan har abada. Ga hoton da fayil ɗinsa yake cikin kwamfuta ana iya sake buga shi gobe, mannewa ba laifi ba ne. Ga hoto guda ɗaya tilo da babu kwafinsa, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Saura gilashi. Gilashi na yau da kullum yana mayar da kusan kashi 8 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, shi ya sa hoto mai duhu yakan zama madubi idan yana fuskantar taga, kuma yana barin kaso mai yawa na hasken UV, wanda ido ba ya gani amma yake koɗar da launi, ya wuce. Akwai mai rufin da ke tare kashi 99 cikin 100 na wannan haske, akwai kuma wanda ya haɗa wannan da rage ƙyalli zuwa ƙasa da kashi 1, irin su Museum Glass na kamfanin Tru Vue, wanda mutum zai rantse babu gilashi a wurin, amma tsadarsa tana sa a keɓe shi ga hoto ɗaya ko biyu da suka cancanta. A yi hattara da gilashin da aka dusashe wa fuska don hana ƙyalli, domin da zarar kwalin taga ya nisanta shi da hoto sai ya dusashe hoton ma. Gilashin roba na akirilik nauyinsa bai kai rabin na gilashi mai kauri ɗaya ba: falle mai santimita 60 da 90 da kaurin milimita 2 ya kai kilo 2.7 idan gilashi ne, kusan 1.3 idan akirilik ne, kuma ba ya tarwatsewa ya yanki hoto ko mutum. Don haka ga babban firam, ko wanda za a aika da shi nesa, ko na ɗakin yara, shi ne zaɓi. Aibinsa shi ne saurin ƙwarzanewa da jan ƙura, kuma ba a goge shi da busasshen tsumma ko ruwan wanke gilashi.

Idan aboki mai ɗaukar hoto ya tambaye ni daga ina zai fara, zan ce ya sayi mayankin kwali mai kyau da kwali mai inganci, ya yi firam biyar ko shida da firam haɗaɗɗe ko na alminiyom, domin a nan ne ƙaramin ƙoƙari yake sauya kamannin hoto fiye da ko'ina. Idan bayan haka hannunsa yana ƙaiƙayin katako, ya yi odar sandunan da aka yanke ya koyi gam da matsi, sannan ya ƙara zarton hannu da allon gyaran kusurwa. Zarton lantarki na wanda ya riga ya mallaka ne ko mai shirin cika bango guda da firam iri ɗaya, na'ura mai wuƙaƙe kuma ta wanda sha'awarsa ta fara zama sana'a.

Ko wace hanya aka bi, rufewa iri ɗaya ce. A goge gilashi ta ciki, a jera shi da kwalin taga da hoto da murfin baya, a juya a duba da kyau a ƙarƙashin fitila kafin a kafa komai, domin ƙwayar ƙura ɗaya a kan farin kwali tana nufin sake buɗewa. A kafa ƙananan ƙarafan riƙo a cikin gurbi ba tare da an danne kwalin da ƙarfi ba, a rufe ratar baya da tef na takarda don hana ƙura da ƙwari shiga. Zobban rataya ana ɗaura su a sandunan gefe, a kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon firam daga sama, ba a jikin murfin baya ba, kuma a bar wa wayar ɗan sassauci, domin wayar da aka ja ta miƙe tsam tana janyo sandunan gefe zuwa ciki ta wahalar da kusurwoyi. Daga ƙarshe a liƙa 'yan ƙananan robobi biyu a kusurwoyin ƙasa ta baya, su ɗaga firam ɗin daga bango kaɗan iska ta riƙa ratsawa, kuma a zaɓa masa bangon da rana ba ta dukansa kai tsaye.